Shuɗin Layi na Uku

Ni ba injiniya ba ne, ko da yake haka ake kirana daga Gumel har Maigatari. Sakandare kawai na gama. Na yi shekaru a wani shagon buga takardu kusa da tashar mota, ina buga wa mutane takardar neman aiki da katin ɗaurin aure, a nan hannuna ya saba da kwamfuta. Da wani ƙaramin kamfani ya sami aikin kula da kwamfutocin ƙananan asibitocin yankinmu, mai kamfanin, wanda muke ce wa Oga, ya ɗauke ni saboda ina da babur kuma na san hanyoyin ƙauyuka. Sauran aikin a wurinsa na koya, rabi da baki, rabi da leƙe. Ban kawo wannan don in rage wa kaina laifi ba. Abin da na yi wa wani dattijo da muke kira Baba, ba ƙarancin karatu ne ya sa ni ba.

A kowane asibiti akwai kwamfuta ɗaya da ke riƙe da rajista: sunayen mata masu zuwa awo, da yaran da aka yi wa rigakafi, da ranar da kowa zai dawo. Saba muke kiranta, da sola take aiki. Da farko bin su nake yi ɗaya bayan ɗaya, yau Gagarawa, gobe Sule Tankarkar, jibi Maigatari, in dawo gida bayana na ciwo. Daga baya Oga ya koya mini wata manhaja da ta ɗauke mini wannan wahala. Kana zaune a ofis a Gumel, ka rubuta umarninka a fayil ɗaya, ka danna, ita kuwa ta bi intanet ta shiga kowace saba ta aikata abin da ka ce. In ta gama sai ta jero maka sakamako layi-layi. Kore, komai daidai. Rawaya, ta taɓa wani abu ta gyara. Ja, an sami matsala. Shuɗi kuwa, ta tsallake wannan na'urar ba ta yi mata aikin ba, domin ba a ce ta yi ba.

Ja kaɗai idona ya koyi tsoro.

Kullum in na dawo daga sallar azahar, lokacin da rana ta cika batiran asibitocin, nake danna ta. Yawancin umarnin na kowa da kowa ne, kamar a daidaita agogo ko a duba ko wurin ajiya ya kusa cika. Ɗaya ne yake da sharaɗi, shi ne kuma mafi girma: a kwafo rajistar kowane asibiti a ajiye a babbar na'urarmu ta ofis, don ko ta can ta lalace ba a yi asara ba. Sharaɗin ya zo ne saboda muna da na'urori biyu na gwaji a ofis, waɗanda babu abin ajiyewa a cikinsu. Don haka kafin manhajar ta kwafa, sai ta yi tambaya: sunan wannan na'ura yana cikin jerin masu ajiya? In yana ciki, ta kwafa. In ba ya ciki, ta tsallake, layin ya fito shuɗi. Layi biyu masu shuɗi kowace rana, abin da ya kamata in riƙa gani ke nan.

Jerin a hannuna yake. In an ba sabon asibiti saba, ni nake ƙara sunansa.

Asibitin su Baba ɗaki biyu ne da rumfa, a wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, bayan kwalta ta ƙare an shiga yashi. Ba mai cin gashin kansa ba ne, reshe ne. Ranar rigakafi daga asibitin cikin gari ake kawo musu allura a akwatin sanyi a bayan babur, shugabar can ita ce shugabarsu, kowa kuma in zai faɗa sai ya ce na ƙauye yana ƙarƙashin na gari. Ranar da aka ba su saba, na zauna zan ƙara sunanta, sai na ga bai dace in jera reshe kafaɗa da kafaɗa da uwarsa ba. Na buɗe wani ɗan ƙaramin jeri a ƙarƙashin sunan asibitin gari, na ɗan matsa ciki, na rubuta sunan reshen a nan. Jeri cikin jeri. Na ja baya na kalle shi, ya yi mini kyau ƙwarai, har na ji ina ma Oga ya leƙo ya gani. Ban gwada ba. Na danna, ban ga ja ba, na tashi na tafi cin abinci.

Shi Baba tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya. Kwamitin lafiya na ƙauyen ne ya ɗauko shi ya riƙa rubuta rajista, saboda kyan rubutunsa da sanin da ya yi wa kowane gida. Shi ke riƙe da makullin asibitin, shi ke buɗewa, shi ke rufewa. Bafulatani ne dogo siriri, ni kuwa Bamange, to kun san wasan da ke tsakani. Ban taɓa kashe babur a ƙofar asibitin nan ba face ya tarbe ni da tsiya.

"A'a, bawana ya iso! Ina gishirin mangul ɗin da na aike ka? Shanuna na jira."

"Baba, waɗanne shanu? Akuya ɗaya gare ka, ita ma ta maƙwabta ce."

"Ji ɗan banza. Shigo ka gai da ubangidanka, ga fura can a ƙwarya. Na san a gidanku ba a damawa da nono."

Da yatsa ɗaya yake bugawa, tabarau a kan hanci, yana kiran kowane harafi a fili kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya. Kafin ya gama suna ɗaya ni na buga shafi. Amma ba ya kuskure, kuma ba ya tashi sai ya shigar da matar ƙarshe. Da farko yana haɗawa da rubutawa a babban littafi, har littafin ya cika ba a kawo sabo ba. Ya ce in zan sake zuwa in taho masa da wani daga Gumel.

Na ce, "Baba, littafi kuma? Duk abin da ka buga yau, kafin la'asar yana Gumel a ajiye. Ko wuta ta cinye ɗakin nan, ba abin da zai ɓace."

"Ka tabbata, Bamange?"

"Aikina ne fa."

Ya ce to. Daga ranar bai ƙara maganar littafi ba.

Abu ɗaya yake yi da aka hana: yana barin mutanen ƙauye su sa cajin waya da wutar asibiti, domin garin babu lantarki. Kullum za ka ga wayoyi biyar ko shida a jere a kan taga. Na sani, Oga ya sani. Mun taɓa yi masa magana, ya ce rana ai ta Allah ce, ba ta kamfani ba. Amma soket daban ya ware musu, ba ya taɓa wayar saba.

Aka yi fiye da shekara a haka. Sai ruwan farkon damina ya zo da tsawa wata yamma, aradu ta faɗa kusa da asibitin ta ƙone inbatar sola da saba gaba ɗaya. Da safe Baba ya kira ni, babu ko alamar damuwa a muryarsa.

"Bawana, akwatinka ya mutu, har ƙauri yake. Kawo wani, ka zubo mini sunayena."

Na ce an gama. Na buɗe babbar na'ura ina 'yar waƙata, na shiga inda ake ajiye kwafin asibitoci. Ga na Gagarawa, ga na Maigatari, ga na cikin garin Sule Tankarkar, kowanne da na jiya. Na Baba babu. Ba wai tsoho na samu ba, ko wanda ya yanke a hanya. Babu shi sam, ko gurbinsa ba a taɓa buɗewa ba.

Na koma na buɗe sakamakon jiya. Layi uku masu shuɗi. Na shekaranjiya, uku. Na watan jiya, uku. Na yi ta komawa baya har ranar da na ƙara sunan. Biyu na gwaji ne, na ukun na Baba. A sauran umarnin kuwa na'urarsa kore take fitowa kullum, wato a kunne take, tana amsawa, tana jira a karɓi abin da ke cikinta, ba a karɓa.

Ban daɗe ba na gano dalili, domin ba ɓoyayye ba ne. Manhajar in an tambaye ta ko suna yana cikin jeri, sunayen da ke sama kawai take dubawa. In ta iske wani jeri a ciki ba ta buɗe shi. Ƙunshi ɗaya take ɗaukarsa, ta ga bai yi kama da sunan da take nema ba, ta wuce. Ba ta yi kuskure ba, ba ta kuma ga abin yin ja ba. An tambaye ta, ta amsa: ba ya ciki. Maganin kalma ɗaya ce da ake ƙarawa, wadda ke baje jerin duka ya zama shimfiɗa ɗaya kafin a duba. Na zauna ina kallon wurin da ya kamata kalmar ta kasance.

A haka Oga ya shigo. Na gaya masa babu kwafin reshen. Iyakar abin da na gaya masa ke nan. Ya dafe kai, ya zagaya ɗakin, sannan ya tsaya.

"Tsohon nan mai cajin wayoyi ko? Ina jin da rana yake zare saba ya ba wayoyin mutane wuta. Shi ya sa in ka neme ta ba ka samu."

Ga sakamakon a buɗe a gabana, koren Baba na kallona. Da na juya masa fuskar kwamfutar, da shi ke nan. Sai na ji bakina ya ce, "Mai yiwuwa ne, Oga."

"Rubuta rahoto, shugabarsu na jira."

Na rubuta. Ban ce Baba ya zare waya ba, ina da wayon da ya hana ni yin ƙarya tsirara. Na rubuta cewa ba a sami kwafi daga reshen ba, kuma an lura ana amfani da wutar asibitin wajen cajin wayoyi a daidai lokacin da ake ɗaukar kwafi. Kowace jimla gaskiya ce. Na jera su ne yadda mai karatu zai haɗa ƙaryar da kansa. Da Oga ya fita, na ƙara kalmar nan ɗaya a fayil, na rufe.

Daga ranar zama ya gagare ni. Kujerar ofis ta zama kamar an shimfiɗa mata ƙaya. In danna umarnin azahar, in ƙirga shuɗi, biyu, in sake ƙirgawa, in sake dannawa ba dalili. Na koma hawa babur zuwa wuraren da ba a kira ni ba. Na je Gagarawa Tasha na buɗe saba mai lafiya ina goge ta, ma'aikaciyar wurin tana tambayata ko wani abu ne ya faru, na ce a'a, zagaye ne kawai. Na dawo ta hanyar da ta fi nisa. Gero ya tsiro ko'ina, mutane sun duƙa a gonaki suna noman farko, wasu suna ɗago mini hannu, ni ina wucewa kamar wanda aka biyo. A gida in zauna a tabarma, in tashi in koma zaure, in leƙa ƙofar gida, in dawo. Matata ta ce, "Malam, kaza mai neman wurin ƙwai ma takan samu ta zauna. Me ke cin ka?" Na ce zafi ne. Ta kalli hadarin da ke haɗuwa a gabas, ta ci gaba da aikinta.

Ko a masallaci ban tsira ba. In na ɗaga hannu zan roƙi gafara, sai in tuna abin da malamai suka sha faɗa mana, cewa haƙƙin mutum sai an je wurin mai shi. Sai in shafa addu'ar da sauri in miƙe, in riga kowa ɗaukar takalmi.

Na riƙa lallashin kaina. Faɗa kawai za a yi masa, dattijo ne, ba wanda zai taɓa shi. Ai da gaske yana cajin wayoyin. Ni kuwa in aka kore ni, ina zan nufa da takardar sakandare? In faɗa wa kaina haka da safe in yarda, kafin hantsi ya warware, in sake ɗaurawa.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, na tafi can ba tare da abin saye ba. Na kutsa tsakanin manyan motocin da ake loda wa shanu, na shiga kara, ga raƙuma ga raguna ga ihun dillalai, ina neman hayaniyar da za ta fi ta cikin kaina. A nan wani mutumin ƙauyen su Baba da ya kawo rago ya gane ni.

"Injiniya! Kai ma ka ji abin da ya sami Malam?"

Na ce me ya same shi.

"Ai an karɓe makulli. Shugaba ta zo har ƙofar dagaci, gaban kwamiti da jama'a, ta karanta takardar da ta zo daga Gumel. Wai sakacinsa ne ya jawo sunayen yara suka ɓace. Yanzu mata in sun zo ba a san wa aka yi wa wace allura ba. Mutumin da ya koya wa rabin garinmu karatu, wallahi kansa a ƙasa ya tashi. Mu ma da muke kai masa waya, kunya ta hana mu haɗa ido da shi."

Na ce Allah ya kyauta. Haka na ce, da bakin nan nawa. Na bar shi yana jan ragonsa.

Sai da aka ƙara mako biyu kafin sabuwar saba ta iso. Na so Oga ya tura wani, amma babu wani sai ni. Na ɗaure ta a bayan babur na kama hanya, na tsaya sau uku ina duba igiyar da ba ta kwance ba. Da na isa, wata ma'aikaciya da aka turo daga gari ce ta buɗe mini. Baba ba ya nan. Na haɗa wayoyi, na kunna, na gama aikin awa biyu cikin ɗaya, ina so in fice kafin labari ya kai masa.

Ina fitowa na same shi tsaye kusa da babur ɗina, fartanya a kafaɗa, jiƙaƙƙen yashi har idon sawu. Ya rame. Na jira tsiyar da ya saba. Sai ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, Injiniya. An zo lafiya?"

Tunda nake da shi bai taɓa kirana haka ba. Da ƙyar na amsa.

"Ƙarar babur na ji, na ce bari in zo in ba ka haƙuri. Na jawo maka wahala, na jawo wa kamfaninku. Na yi ta tunani, ni dai ban tuna na taɓa zare wayar akwatin nan ba. Amma tsufa ne. Wataƙila garin sa wayar wani a caji na ture ta ban sani ba. Ku kuka san na'ura. Tunda ta nuna haka, haka ne. Ka yafe mini."

Na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige. A ranar na san ba ƙarin gishiri ba ne. Na yi tanadin yadda zan yi in ya zage ni, ko ya yi mini Allah ya isa. Ban yi tanadin wannan ba, cewa na sa dattijo ya daina yarda da abin da ya sani game da hannunsa.

Na ce, "Baba, na'ura ba ta nuna haka ba."

Ya kalle ni.

"Ba ka zare komai ba. Kullum a kunne take. Ni ne na rubuta sunan asibitinka a inda ba a dubawa. Tun ranar farko ba a taɓa ɗaukar kwafinka ba. Na gane haka tun safiyar da ka kira ni, kafin in rubuta takardar."

"Kafin ka rubuta?"

"Kafin in rubuta."

Ya sauke fartanyar ya dogara da ita. Ya dubi gonakin da ke bayan asibiti. Ni kuwa ina tsaye, makullin babur na cizon tafin hannuna.

"To," in ji shi. "Ni na ji. Amma ba a nan aka faɗi waccan ba. A ƙofar dagaci aka faɗe ta, bayan la'asar, surukaina na zaune. Inda aka faɗi waccan, can za ka faɗi wannan."

Ya ɗauki fartanyarsa ya koma gona.

Oga na fara gaya wa, washegari da safe. Na buɗe masa tsofaffin sakamakon, na nuna masa layi na uku, na nuna masa kalmar da na ƙara a ɓoye. Ya daɗe yana karantawa.

"Jeri cikin jeri," ya ce. "Wannan ramin ba wanda bai faɗa ba, ni ma na faɗa. Da ka gaya mini a ranar, tsawa zan yi maka mu wuce wurin. Amma ka bar ni na ɗora wa tsoho, kana zaune kana kallona? Ka mai da ni azzalumi da bakina."

Ya sa na sake rubuta rahoton a gabansa, da sunana a inda laifi yake, ya kira shugabar ya karanta mata ta waya. Bai kore ni ba. Ya dai ce daga yau ba abin da zan ƙara a fayil ɗin nan sai ya gani da idonsa, kuma duk mako sai na ɗauko kwafin kowane asibiti na buɗe a gabansa. Ƙauyen kuwa, ya ce, ni kaɗai zan je, shi ba zai raka ni ba.

Aka sa rana. Na isa da wuri, na rasa inda zan sa kaina, na zagaya garin sau biyu a ƙafa. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar dagaci, ƙarƙashin darbejiya. Kwamiti suka zauna, shugabar ta zauna a kujera daga gefe, mutane suka cika har bakin masallaci. Baba ya zo da fararen kaya ya zauna a ƙarshen tabarma.

Jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Na fara da saba da fayil da manhaja, na ga idanu sun fara yawo. Dagaci ya ɗaga hannu.

"Samari, yi mana Hausa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai ɗan aiken da nake turawa kullum ya karɓo mini kwafin rajista, na ba shi takardar sunayen waɗanda zai karɓa a wurinsu. Kowane asibiti na rubuta shi a layinsa, amma naku na rubuta shi a cikin na gari, tunda a ƙarƙashinsa yake. Ɗan aiken kuwa ba ya duba ciki, na sama kawai yake karantawa. Kullum sai ya zo ƙofarku, ya duba takarda, ya ga ba ku, ya wuce. Kullum kuma yana gaya mini ya wuce. Ni ne ban saurara ba."

Wani tsoho mai carbi kusa da dagaci ya gyara zama. "Wato gandu ka sa mu. Mai rabo ya zo ya ƙirga masu gida, ya ba uba, ɗan da ke cikin gidan da matarsa da 'ya'yansa ba a san da shi ba."

"Haka ne, Alhaji."

"To wannan ai kuskure ne, an saba. Mu ma an sha yi mana a rabon taki. Shi Malam fa, ta ina ya shigo?"

Nan ne wurin da na so a ce ba a tambaya ba. Na ce bai shigo ta ko'ina ba, ni na shigo da shi. Na ce na san gaskiya kafin in rubuta takardar da aka karanta musu. Na ji tsoron rasa aikina, na ga yana da wani ɗan laifi da kowa ya sani, sai na rataya masa nawa a kai.

Wurin ya ɓarke da hayaniya. Wani daga baya ya ce, "Amma kai ba ka da tsoron Allah!" Wani ya ce a ƙyale shi, ai da ƙafarsa ya zo. Wani ya ce eh, da ƙafarsa, bayan wata guda. Ban ɗaga kai ba. Duk wanda ya yi magana a ranar, daidai ya faɗa.

Shugabar ta miƙe. Ta ce ita ma ta yi gaggawa, ta karanta takarda ba ta tambayi Malam ba. Ta ciro makullin daga jakarta ta miƙa wa dagaci, dagaci ya miƙa wa Baba. Bai karɓa nan take ba.

"Ranka ya daɗe, aikin shekara guda ne ya zube, ni kuwa yatsa ɗaya gare ni. Wanda ya zubar shi zai zo ya kwashe."

Dagaci ya dube ni. Na ce zan zo.

Sannan ya karɓa. Na matsa na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na jira ko zai ƙara wani abu. Ya sa makullin a aljihu ya tashi.

Mai shela ya zagaya gari cewa kowace mace ta kawo katin ɗanta. Ranar Litinin Baba ya buɗe asibitin da hannunsa. Mata suka cika rumfa har waje, katuna a cikin leda, wasu sun sha mai, wasu yara sun yage musu gefe. Shi yana karɓa yana karantawa, ni ina bugawa. Ba ya kallona. Suna da kwanan wata kawai yake faɗa, in na yi jinkiri ya maimaita. Mako uku muna haka, kullum in taso daga Gumel da sassafe. Yawancin sunayen mun dawo da su. Ba duka ba.

A mako na biyu wata mata ta zo da ɗa a goye, ba kati. Ta ce gara ta cinye shi a cikin akwati tare da zannuwanta. Baba ya san ta, ya san mijinta, ya tuna alluran farko domin shi ya aika a kira ta daga gona. Ta ƙyanda ce ya kasa tunawa, ita ma ta kasa. Layi ya yi tsawo, rana ta take, yatsuna na kan madannai ina jira.

"A sa an yi?" na tambaya a hankali. "In an duba watanninsa, ya kamata a ce an yi."

Sai a lokacin ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

"Bar gurbin. Ranar rigakafi shugaba ta duba shi."

Na bar gurbin. Ya miƙa hannu ya karɓi katin ta gaba.